Me za mu kira cigar mai duhun riga da Hausa?

Jama'a ku taimaka min da wata kalma, tun shekaranjiya take cina. Aikin fassara aka kawo min a kan tabar nan mai kauri da ake yi a Kuba da Nikaragwa, wadda Turawa ke ce wa cigar, kuma ba kowacce ba, mai duhun bayan nan da ake kira maduro da Sifaniyanci. Na rubuta "sigar" sai na tsaya, don duk Bahaushen da ya ga sigar jira zai yi ya ji sigar me, ta rubutu ko ta magana? In ka ce siga wani ciwon siga zai tuna. Sigari kuwa tuni sunan ya zama na ta takarda mai kwali, wadda ake sayen kara ɗaya a teburin mai shayi.

Wani abokina ya ce kawai in sa "babbar sigari" in wuce. Ban yarda ba wallahi. Mu a Zariya taba ba baƙuwa ba ce, tun 1959 aka buɗe kamfanin taba a garin nan, kafin shi ma kakanninmu sun san taba gari da lofe da furen taba da mata ke gogawa a haƙori da goro, to ta yaya za a ce harshen da ke da duk waɗannan ya rasa sunan abu ɗaya?

Yayana da ke yawan fita waje ya ba ni guda ɗaya, na kai wa wani dattijo a Sabon Gari da ya yi ritaya a aikin taba. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya sa reza ya tsaga ta a tsaye, ya ce "ɗana duba nan, babu takarda ko ƙyalli, ganye ne tun daga ciki har waje." Hawa uku ne. Na tsakiya dogayen ganyaye ne ba yankakku ba, an ninke su yadda iska za ta ratsa, in an matse da yawa hayaƙi ba ya fitowa, in an saki kuma ta ci wuta da sauri ta yi ɗaci. Kuma ba daga wuri ɗaya na jikin shukar ake ɗebo su ba, na can sama da ya sha rana shi ne mai ƙarfi, ligero, a tsakiya ake sa shi don ba ya saurin ci, na tsakiyar shuka seco shi ke ba da ƙamshi, na ƙasa volado shi ke riƙe wuta. Sai ganye na biyu da ke ɗaure su, a sa a mazubin katako a danne, sannan na waje mai santsi da ake naɗawa a karkace daga ƙafa, wato inda ake kunnawa, zuwa kai, inda ake sawa a baki, a rufe kan da ɗan guntun ganye da ɗankon itace.

Na ce Baba ya za a kira ukun nan? Bai ko yi tunani ba ya ce ciki, ɗamara, riga. Na kan kuma hula. Nan take na rubuta, waɗannan kam sun zauna.

Sunan ita kanta ne rigimar. "Tabar ganye" ta fara zuwa min, amma kun san abin da samari ke nufi da ganye, "naɗi" ma haka ya lalace a bakin 'yan wiwi. Mai yin ta a Kuba torcedor ake ce masa, wato mai murɗawa, da hannu yake murza ta a kan allo, shi ya sa na tsaya a kan tabar murji.

Maduro kuma, nan ne na fi so mu natsu. Kowa na tambaya sai ya ce "baƙa". To ba baƙi kalmar ke nufi ba, nunanne take nufi. Ba rini aka yi wa ta kirki ba, ganye ne mai kauri da zai jure wahala, irin Broadleaf na Connecticut a Amurka ko na San Andrés a Meziko, bayan ya bushe a rumfa sai a yayyafa ruwa a jibge shi tuli guda, zafi ya taso da kansa daga ciki, a rushe tulin a juya a sake jibgewa, haka har watanni, warin da ke hawa kai ya fita, launi ya koma kamar gasasshen kofi da ɗan maiƙo a jiki. Duk wanda ya ga yadda ake rufe kalwa ta zama daddawa ya gane maganar. Kuma akwai wadda ta fi ta duhu, oscuro, kusan baƙa ƙirin, in mun ba maduro "baƙa" ita me za mu ba ta?

Ɗanɗanon ma nuna yake nunawa. Ni ba na sha, amma ƙamshinta ko ba a kunna ba kamar koko ne da ƙasar da ruwan farko ya daka. Yayana ya ce a baki akwai kofi da ɗan zaƙi irin na mazarƙwaila da ta ɗan ƙone a gefe, sai yaji kaɗan kamar masoro. Mutane na ɗauka duhun riga shi ne ƙarfi, alhali ƙarfin daga ciki yake, daga yawan ligero, rigar sau da yawa tausasa ta take yi. Kalmar nuna a Hausa ta haɗa nunar 'ya'yan itace da nunar abin da zafi ya ratsa, duka biyun kuwa sun faru da ganyen nan. Don haka nunanniya.

Kada wani ya ce talla nake. Babba guda ɗaya tana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari, kuma ko ba a zuƙa zuwa huhu ba tana jawo kansar baki da maƙogwaro. Likita zai tambayi mutum kana shan sigari, ya ce a'a, kuma a ganinsa bai yi ƙarya ba. Ko don wannan tana bukatar sunanta.

A fassarar dai na sa nunanniyar tabar murji. Mutanen Kano da Sakkwato, in murji na da wata ma'ana a wajenku da za ta ɓata min aiki ku faɗa min kafin Juma'a, ranar zan miƙa. Oscuro ce har yanzu ban samo mata suna ba.