Taurarin gadin makamai masu linzami: makafi ne?

Mai Fafutuka: Wallahi abin nan yana ƙona min rai. Kullum ana cika mana kunne wai babu makamin da zai tashi taurarin ɗan Adam na sojan Amurka ba su sani ba. To ranar 8 ga Janairun 2020 Iran ta yi ruwan makamai a sansanin Ain al-Asad na Iraƙi, sojoji sama da 100 suka samu rauni a ƙwaƙwalwa. An narkar da biliyoyin daloli a kan makafi.

Injiniya: Malam, janye kalmar makafi. Taurarin gadin Amurka da ake kira SBIRS sun hango harin. Daga nisan kusan kilomita 36,000 suke kama zafin wutar da ke fita daga gindin makami da zarar ya tashi. Sojojin suna cikin maɓoya, ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Baffa: Ka faɗa da bakinka, zafi suke kamawa. Mai lalube da zafi ai makaho ne.

Injiniya: Baffa, da girmanka, zafin nan haske ne da idonmu ba ya iya gani, nasu yana gani.

Hajiya: 'Yan'uwa, hango makami daban, kakkaɓo shi daban. Wanne muke magana?

Ɗan Gaskiya: Na Rasha dai ba a taɓa kiran su makafi ba.

Injiniya: A Satumbar 1983 fa? Tsarin taurarin gadi na Tarayyar Sobiyet mai suna Oko ya nuna makaman Amurka 5 suna tahowa, ashe hasken rana ne a kan gajimare. Stanislav Petrov, hafsan sojan da ke bakin aiki, shi ne ya ƙi yarda da na'urar.

Ɗan Gaskiya: Mun san ka, ɗan koren Amurka. Me ya hana ka ambaci Dhahran na Saudiyya a 1991, inda makamin Scud na Iraƙi ya kashe sojojinsu 28?

Injiniya: Wannan matsalar agogon Patriot ce, na'urar kakkaɓo makamai. Kuma ka daina yi min laƙabi.

Ɗan Gaskiya: Kai ka fara raina Baffa.

Baffa: Ni ban ce an raina ni ba.

Shugaban Zaure: In taƙaita: Injiniya ne kaɗai ya kawo hujja, an tabbatar taurarin suna gani sarai. Sauran hayaniya ce ta masu ƙin Amurka. Mai Fafutuka ya janye kalmarsa.

Mai Fafutuka: Shugaba, ban janye komai ba.