Wa ya taɓa sa kwamfuta ta kwaso masa rubuce-rubucen soshiyal midiya don bincike?

Ummi, Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a fannin sadarwa, aikina kuma a kan yadda mutanen Kano ke magana game da tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Malamin da ke duba aikin ya ce takardar tambayoyi kaɗai ba za ta wadatar ba, in nemo abin da mutane suka rubuta don kansu a Facebook da X. Na fara kwafa da hannu, na ga ba ranar gamawa. Don Allah duk wanda ya taɓa wannan aikin ta hanyar manhaja ya faɗa mana yadda ya yi da abin da ya tarar.

Abba, Hotoro:
Wa alaikumus salam Anti Ummi. Da shekarar 2021 ko 2022 kika yi tambayar nan, da amsar gajera ce. A Janairun 2021 Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta buɗe wa masu binciken jami'a ƙofar kwasar bayanai ta musamman kyauta, mutum ya kwashi rubutu har miliyan 10 a wata, ya koma baya har zuwa 2006. Da ita na yi wa wani malamina aiki. Sai dai ki lura, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, don haka duk wanda ya zana jadawalin rubutun wancan lokacin zai ga rami a tsakiya, waɗanda suka ci gaba da rubutu ta VPN suke shiga.

A Fabrairun 2023 kamfanin ya sanar da rufe hanyar kyauta. Ƙaramin matakin biya ya fara a dala 100 a wata, rubutu dubu 10 kacal ake iya karantowa a lokacin, na manyan kamfanoni kuwa daga dala 42,000 a wata ya fara. Manhajojin da muke kewayewa da su, irin su snscrape, suka daina aiki a shekarar, da aka wajabta shiga da asusu kafin a yi bincike. A ɓangaren Facebook kuma CrowdTangle, dandalin bin sawun abin da ake wallafawa da 'yan jarida suka dogara da shi, Meta ta rufe shi ranar 14 ga Agustan 2024, ta kawo Meta Content Library, wanda sai an nema ta hannun jami'a ko cibiyar bincike, a jira amincewa.

Ni yanzu YouTube nake tura ɗalibai. Suna ba da maki 10,000 a rana kyauta, duk buƙatar da manhaja ta aika sai a cire daga ciki. Neman bidiyo sau ɗaya yana cin maki 100, amma jawo shafi guda na sharhi, mai ɗauke da sharhi har 100, maki ɗaya ne. To dabarar ita ce ki zaɓi bidiyoyin da idonki, na BBC Hausa da na gidajen rediyon Kano, ki tara lambobin shaidarsu (ID), sannan ki bar 'yar manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python ta kwaso sharhin ƙarƙashinsu. Ba ki biya ko kwabo ba.

Malam Nasiru, Kabuga:
Abba ya yi bayanin ƙofa, bari in yi na abin da ke cikin ɗakin. Ni malamin Hausa ne, an taɓa ɗaukata cikin masu karanta rubutun da aka kwaso suna rarrabe shi: wannan yabo, wannan kuka, wannan ba ruwansa. A nan na san kwasowar ce mai sauƙi.

Tun farko injin ba ya gane Hausa yadda yake gane Turanci. Ko masu aikin NaijaSenti na 2022, na tattara rubutun Twitter a harsunan Najeriya a rarrabe yabo da kuka, wanda akwai masu bincike daga Jami'ar Bayero a cikinsu, sai da suka bi ta kalmomin da suka fi yawa a harshen da kuma yankin da aka yi rubutun kafin su tsamo na Hausa, sannan mutane suka zauna suka tantance kusan dubu 30 a kowane harshe da hannu. Ke ma ba za ki tsira daga zaman ba.

Sannan kalmomin da za ki nema. In kika sa "hauhawar farashi", rubutun 'yan jarida da 'yan boko kawai zai fito. Bakano ba haka yake kuka ba. Cewa yake "kwanon shinkafa nawa yau", "kuɗin adaidaita ya fi ƙarfinmu", "buhun masara", "an daina ɗora tukunya sau uku". Ki fara zama ki karanta sharhi da idonki, ki fitar da kalmomin daga bakin mutane, sannan ki ba injin. Ki kuma nemi kowace kalma da lanƙwasa da babu, don yawancin masu waya ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ. "Kudi" zai kawo miki ninkin abin da "kuɗi" zai kawo. Ga gajarce-gajarce irin su wlh, lfy, ngd, mgn, ga Ingausa, jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci.

Babban abin da ya fi ba mu wahala shi ne gatse. Mutum zai rubuta "Madalla, mun gode, lallai mun ga canji" a ƙarƙashin labarin ƙarin kuɗin mai. Inji zai ga madalla da godiya ya ce yabo ne. Mu da muka san garin mun san zagi ne a nannaɗe. Haka addu'a: "Allah ya kyauta", "Allah ya kawo mana sauƙi", "Allah ya isa". Rabin kukan mutanenmu a cikin addu'a yake. Mu kanmu masu tantancewar sai mu yi ta gardama a kan jimla ɗaya, shi ya sa ake ba mutum uku rubutu guda a ɗauki ra'ayin masu rinjaye. In za ki kwaso sharhi, ki haɗa da kanun labarin da aka yi shi a ƙarƙashinsa, in ba haka ba ba wanda zai iya raba gatse da gaskiya.

Dakta Binta, Rijiyar Zaki:
Ummi 'yata, ni abin da zan ja kunnenki a kai daban ne. Na sha zama a kwamitin duba ayyukan ɗalibai, kuma kalmar da na fi ji ita ce "ai a fili yake, Dakta". Na taɓa karanta wani kundi da ɗalibin ya kwaso sharhin mata daga wani shafi da ake tattauna matsalolin aure. Ya cire sunaye, ya yi tsammanin ya gama. Na ɗauki jimla ɗaya daga cikin waɗanda ya kawo kalma da kalma, na liƙa ta a wurin bincike, sai ga matar da hotonta da unguwarsu. Wannan kundin ɗakin karatu za shi, gobe a ɗora shi a intanet.

Kano muke. A 2022 wata kotun majistare a nan garin ta yanke wa wasu matasa biyu hukuncin bulala da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon barkwanci da suka yi a TikTok game da gwamnan lokacin. Ke kuma za ki tara maganganun dubban mutane suna sukar gwamnati a fayil ɗaya, da sunansu da ranar da suka faɗa. Ki yi tunanin hannun da fayil ɗin zai iya faɗawa.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi: tun a lokacin kwasowa a maye gurbin suna da lamba, kada a ajiye hoto ko lambar waya, in za a kawo misali a cikin kundi a sauya lafazin yadda ma'anar za ta tsaya amma ba za a iya bin sawunsa ba. Kada a kai fayil ɗin shagon buga takardu a filashi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta shafi duk mai tara bayanan mutane, akwai kuma hukumar da ke kula da ita. Ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku kafin ki fara. Zaurukan WhatsApp kuwa ki fita harkarsu, ko da an saka ki a ciki, don ba fili ba ne.

Sadiƙ, Tarauni:
Allah ya ƙara girma Dakta, amma ina da ja kaɗan. Wanda ya je shafin da ke da mabiya miliyoyi ya rubuta ra'ayinsa, ai ya san duniya za ta gani. In muka ce sai an sauya lafazi, ta yaya wani mai bincike zai tabbatar ba ƙirƙira muka yi ba?

Dakta Binta, Rijiyar Zaki:
Ɗan siyasa ko kakakin hukuma, kawo maganarsa yadda take, da sunansa, aikinsa ke nan. Mai shayin da ya huce haushinsa da tsakar dare kuwa maƙwabtansa ya yi wa magana. Ainihin fayil ɗin a ajiye a kulle, mai jarrabawa in ya nema a nuna masa.

Zainab, Fagge:
Ni ba a jami'a nake ba, muna yi wa ƙungiyoyi nazarin ra'ayin jama'a ne. Lokacin rikicin masarauta a Mayun 2024 mun kwaso rubutu mai yawa, har muka fara murna. Da muka tace sai muka ga jimla iri ɗaya, da kuskuren rubutu iri ɗaya, tana fitowa daga asusu daban-daban cikin 'yan mintuna, kuma kowane ɓangare yana da nasa. 'Yan data ke nan, ƙannen sojojin baka na rediyo. In ba ki cire maimaici ba, kuma ba ki duba asusu nawa ne suka samar da yawancin rubutun ba, za ki auna ƙarfin aljihun masu ɗaukar nauyi ki kira shi ra'ayin Kanawa.

Ko bayan an tace, wa ke rubutu a X? Galibi samari ne masu boko da kuɗin data. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kukan da na gani a can na manhajar banki ne da turawar da ba ta shiga. Da na shiga Kasuwar Rimi, matan da ke sayar da kayan miya maganar abin da masu POS ke cira suke yi, da cinikin da ya tsaya don ba canji, yawancinsu ma ba su da asusun banki balle manhaja. Wanda ya saurari X kaɗai kamar wanda ya zauna a majalisar ƙofar gida ɗaya ne ya ce ya ji bakin gari. Maganar Kano ta gaske tana shirye-shiryen kiran waya na rediyo, da saƙon murya, da bidiyon TikTok, kuma duk murya ce, injin kwasar rubutu ba ya jin ta. Ki rubuta wannan ƙarara a babin hanyoyin bincikenki, ki kuma haɗa da hira ido da ido ko da kaɗan ce.

Abba, Hotoro:
Gaskiya ne Anti Zainab. TikTok suna da tasu ƙofar binciken tun 2023, amma da jami'o'in Amurka da Turai suka fara.

Mubarak, Ɗorayi:
Nawa ƙananan abubuwa ne, amma su ke cinye dare. Ki sa manhajar ta riƙa adana kowane shafi da zarar ya sauko, don in aka ɗauke wuta ko netwok ya yanke ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ki sa ta riƙa ɗan hutawa tsakanin buƙata da buƙata. Wani abokin aikina ya saki tasa a guje a wani dandali da asusunsa na kansa, aka rufe asusun, hotunan bikinsa duk suna ciki.

Rubutu yana ɓacewa. Bayan zanga-zangar Agustan 2024, da aka sa dokar hana fita aka fara kame, mutane da yawa sun goge abin da suka wallafa. Abin da kika kwaso yau ba lallai ya yi daidai da na wanda zai kwaso wata mai zuwa ba, saboda haka ki rubuta ranar da kika yi kowace kwasa. Lokacin da ke jikin bayanan kuma yawanci agogon duniya ne na UTC, namu yana gaba da awa ɗaya, ki gyara kafin ki ce mutane sun fi rubutu bayan isha'i.

Sai Excel. In kika buɗe fayil ɗin kai tsaye, ƙ da ɗ za su koma wasu alamomi marasa kan gado, sai kin shigo da shi a tsarin UTF-8. Lambobin shaidar (ID) rubutun X kuma dogaye ne, Excel ba ya riƙe fiye da lamba 15, sauran sai ya mayar da su sifili ba tare da ya gaya miki ba. Ki sa Excel ya ɗauki layin lambobin a matsayin rubutu tun wurin shigowa, kuma ki ajiye ainihin fayil ɗin gefe guda, a kan kwafi za ki riƙa aiki.