Ta yaya Obama ya kayar da Hilari Kilinton a 2008 alhali ita ce ta ci manyan jihohi?

Ɗalibi daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina nazarin zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Demokrat ta Amurka na shekarar 2008, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Hilari Kilinton ta shiga takara da suna da kuɗi da goyon bayan jiga-jigan jam'iyya, ga mijinta ya yi shekara takwas yana mulkin ƙasar. Ita ce ta ci Kalifoniya da Niyok da Ohayo da Fensilbaniya, kuma ita da Obama kowannensu ya tashi da ƙuri'a wajen miliyan 18 a jimlace. To, ta ina Barack Obama, wanda bai cika shekara huɗu a majalisar dattawa ba, ya bi har ya karɓi tuta? Iya magana ce kawai ta kai shi, ko kuwa akwai dabarar da ban gano ba?

Tsohon Malamin Makaranta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka daina ƙidaya jihohi, ka koma ƙidaya daliget, domin su ne suke tsayar da ɗan takara a babban taron jam'iyya. A tsarin Demokrat, wanda ya zo na ɗaya a jiha ba ya kwashe daliget ɗinta gaba ɗaya. Ana raba su ne gwargwadon ƙuri'a tsakanin duk wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari. Saboda haka tazarar da ka ba abokin hamayyarka ta fi girman jihar muhimmanci.

Dubi abin da ya faru ranar 5 ga Fabrairu, lokacin da jihohi sama da 20 suka yi zaɓe a rana ɗaya. Hilari ta ci Niyu Jasi, jiha mai daliget 107, amma da aka raba sai ta samu 59, Obama ya samu 48, wato ribarta 11 ke nan. Shi kuwa ya tafi Aidaho, jihar da daliget ɗinta 18 ne kacal, wadda 'yan Demokrat ba sa ko mafarkin ci a babban zaɓe, ya buɗe ofisoshi, ya zuba ma'aikata, ya kwashe 15 ya bar mata 3. Ribarsa a wannan ƙaramar jiha ta zarce tata a Niyu Jasi da daliget ɗaya. Haka ya yi ta yi a Kansas da Kolorado da Minesota. Daraktan yaƙin neman zaɓensa, David Plouffe, tun da wuri ya ɗauki takarar a matsayin lissafi, mutanen Hilari kuma suka raina ƙananan jihohi har hakin da suka raina ya tsone musu ido.

'Yar Gusau:

Baba, lissafinka daidai ne, amma ina ganin ka rage wa saƙon ɗan takarar daraja. Ofis ba ya cika da 'yan sa kai sai da dalilin da zai fito da su daga gida. A watan Oktoban 2002 Hilari ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da yaƙin Iraƙi a majalisar dattawa, a cikin watan nan kuma Obama, yana ɗan majalisar jihar Ilinoi, ya yi jawabin adawa da yaƙin a Shikago. Zuwa 2008 'yan jam'iyyar sun gaji da yaƙin, sai gogewar da take tinƙaho da ita ta koma mata nauyi.

Sannan kada a manta da Ayowa, jihar da kusan duk mutanenta farar fata ne. Da ya zo na ɗaya a can ranar 3 ga Janairu, ita kuma ta zo ta uku a bayan John Edwards, baƙaƙen fata da yawa da suke shakkar ko Turawa za su zaɓi ɗan'uwansu sun sake tunani. Makonni uku bayan haka ya samu kashi 55 a Karolina ta Kudu, kuma kafin Fabrairu ta ƙare har John Lewis, tsohon ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya janye daga bayan Hilari ya koma wurinsa.

Baƙo a Ayowa:

Malam da Hajiya, ku ba ni dama in ƙara abin da na gani da idona, domin ina karatu a can a wannan shekara, kuma wani maƙwabcina ya tafi da ni kallo. A wancan lokacin zaɓen fidda gwani na Ayowa ba na akwati ba ne. Ya fi kama da ƙato bayan ƙato da muka sani a gida. Da ƙarfe bakwai na dare, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, mutanen unguwa suka taru a zauren wata makaranta, magoya bayan kowane ɗan takara suka ja gefe guda aka ƙidaya su. Rukunin da bai kai kashi 15 ba sai a rushe shi, a ba mutanensa lokaci su zaɓi inda za su koma. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara 20 ba, da takardar sunaye a hannunta, tana lallashin wani dattijo har ya ɗauki rigar sanyinsa ya bi ta zuwa ɓangaren Obama.

Irin wannan zaɓe na mai lokaci ne da mai zafin ra'ayi. Ma'aikaciyar asibiti da ke aikin dare, ko tsohuwar da ba ta iya fita cikin ƙanƙara, ba su da hanyar shiga, kuma da yawa daga cikinsu mutanen Hilari ne. Ta yi ƙorafi a kan haka, ni ma ina ganin tana da gaskiya, sai dai dokar tana nan tun kafin a fara takara, kuma kowa ya san da ita.

Tsohon Malamin Makaranta:

'Yata, ban musa maganarki ba, amma saƙon da kike faɗa bai hana shi faɗuwa a Niyu Hamsha kwana biyar bayan Ayowa ba. Inda aka rabu shi ne bayan 5 ga Fabrairu. An tsara yaƙin Hilari a kan cewa komai zai ƙare a wannan rana, aka kashe kuɗi a kan haka, har ta kai ga ta ranta wa kwamitinta dala miliyan 5 daga aljihunta, ta kuma sauya daraktar yaƙin neman zaɓenta. A watan nan Obama ya tara dala miliyan 55, galibi ta intanet, ya ci zaɓe 11 a jere. Da ta farfaɗo a watan Maris ta ci Ohayo da ƙuri'ar akwati a Teksas, tsarin rabon da ya hana ta yi masa nisa tun farko shi ne ya hana ta cike giɓin. A Teksas ɗin ma, da aka haɗa da sakamakon tarukan dare irin na Ayowa da aka yi a can, shi ya fi ta daliget. Manyan jam'iyya kusan 800 masu 'yancin zaɓar wanda suka ga dama, waɗanda ta dogara da su, ba su yarda su juya abin da masu ƙuri'a suka yanke ba, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya har ta janye ranar 7 ga Yuni.