Babur mai naɗewa a bayan ƙaramin jirgi, akwai wanda ya gwada?

Dan_Fuffuke:
Salamu alaikum jama'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ka sauka lafiya lau a ƙaramin fili amma gari na can nesa, ba tasi ba mai rage maka hanya, sai dai ka tsaya kana kallon titin jirgi. Ina tunanin sayen babur ɗin nan da ake naɗewa in riƙa jefa shi a bayan Cessna 172. Na fetur ko na batir, wanne ya fi?

TsohonKyaftin:
Wa alaikumus salam. Kafin ka fidda kuɗi buɗe littafin jirginka tukuna. Wurin kaya na 172 iyakarsa kilo 54 ne gaba ɗaya, kuma bayan kujeru yake, duk abin da ka zuba can yana jan nauyin jirgin baya, idan ya wuce ƙa'ida hanci ne zai riƙa ɗagawa ba ka so ba. Babur ɗin Di Blasi na Italiya shi matuƙa jirgi suka fi sani, injinsa cc 50 ne, yana yin kilomita 45 a awa, amma wajen kilo 30 yake, to ka ga ya cinye fiye da rabin wurin kenan. Kuma ranar da jirgi ya cika da fasinja kilo 30 ɗin nan daidai yake da litar mai wajen 40, wato tafiyar sama da awa guda ka sayar saboda babur. Sannan ka auna ƙofar kaya da tef, ƙarama ce sosai, shiga wuri daban shiga ƙofa daban.

Mai_Sifana:
Gaskiya Kyaftin ya faɗa amma ni warin fetur ne ma ya fi damuna. Kana hawa sama iska na raguwa, iskar cikin tanki sai ta kumbura ta turo mai da tururi waje, kai kuma kana rufe a ɗan wuri da shi. Dole ka tsiyaye tanki da kafireto kafin kowane tashi, ka sauka kuma ina za ka samu mai? Ka ɗaure shi tam da bel kuma, kar gargada ta wurgo maka ƙarfe a ƙeya.

Sama_Jannati99:
Ni dai batir nake goyon baya. Honda sun fito da Motocompacto a 2023, kilo 19 kawai, ya naɗe kamar akwatin tafiya, sai dai caji ɗaya kilomita 19 ne ƙarshensa, gudu kilomita 24 a awa. Jikan Motocompo ne na 1981 wanda aka yi don but ɗin motar Honda City, shi wancan ya haura kilo 40, kar ma ka fara lol

TsohonKyaftin:
Ɗana, batirin litiyam idan ya kama da wuta a sama ba gefen hanya da za ka faka fa, kuma ɗan abin kashe gobarar da ke jirgi ba lallai ya hana shi sake tashi ba. Batirin da ya taɓa faɗuwa ko ya kumbura kada ya shiga jirgi. Ni Brompton nake ɗauka, keke ne, kilo 12, ba lamba ba lasisi ba mai.

Dan_Fuffuke:
Na gode ƙwarai. Keken nan da zafin rana kam sai a hankali Kyaftin. Bari in auna ƙofar gobe in yi lissafin nauyi da kilo 19 mu gani.