Wane fim ɗin Amita zan fara kalla?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ni dai tun da na taso, Amitabh Bachchan ɗin da na sani shi ne dattijon nan mai gemu da ya kori ɗansa a Kabhi Khushi Kabhie Gham. Amma duk ranar da aka ambaci sunansa a gidanmu sai Baba ya gyara zama, ya ce mu ba mu ga Amita ba, ƙarshensa muka tarar. Mun samu hutun mako biyu a makaranta, ina so in ga abin da Baba ya gani. Daga ina zan fara?

Kawu na Fagge: Wa alaikumus salam ɗana. Mahaifinka gaskiya ya faɗa maka. Fara da Deewaar na 1975, wanda Yash Chopra ya ba da umarni, Salim da Javed suka rubuta. Kada ka taɓa wani sai ka gama da shi.

Labarin 'yan'uwa biyu ne. Ubansu shugaban ƙungiyar leburori ne, masu kuɗi suka ritsa shi da iyalinsa har ya sa hannu a takardar da ta sayar da haƙƙin ma'aikata, kunya ta sa ya bar gari. Mutanen gari suka kama babban ɗan, Vijay, suka yi masa rubutun da ba ya gogewa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta kwashe su zuwa Bombay tana ɗaukar bulo a wurin gini, Vijay yana shushaina don ƙaninsa ya yi karatu. Ƙanin, wato Shashi Kapoor, ya zama ɗan sanda. Vijay, wato Amita, ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, daga nan ya faɗa fasa-ƙwauri.

Wurin da nake so ka buɗe ido shi ne faɗan sito. 'Yan karɓar kuɗin dole suna ta nemansa a gari saboda ya ƙi biya, ashe shi yana zaune a cikin sitonsu yana jiransu, ya miƙe ƙafa a kan kujera. Ya tashi ya kulle ƙofa da kansa, ya jefa wa ubangidansu makullin, ya ce ya ajiye a aljihu, shi zai zo ya ɗauka. Bayan an gama, bai fito yana buga ƙirji ba. Ya fito yana tangaɗi, ya nufi famfo ya tara kansa. Na fara ganin wannan a silimar Marhaba, sama a buɗe, sanyin hunturu yana kaɗa mu. Lokacin da ya jefa makullin nan har mai rake da ke yawo tsakanin bencina ya tsaya cak da farantinsa a ka.

Yaya Direba: Kawu, da girman kujerarka, ni Sholay zan ce. Shekararsu ɗaya, ya fito 15 ga Agusta 1975, kuma ya yi sama da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Yaro ɗan hutu ai abin da zai riƙe shi yake so: ga doki, ga jirgin ƙasa, ga Gabbar, bos ɗin da har yau ba a yi irinsa ba. Ya haura awa uku amma ba za ka duba agogo ba.

Kawu na Fagge: Ban raina Sholay ba, na kalle shi ya fi a ƙirga. Amma Sholay tukunyar taro ce, kowa ya zuba nasa: Dharmendra, Sanjeev Kumar, Amjad Khan, Hema Malini. Yaron nan Amita ya tambaya. A Deewaar nauyin duka a wuyansa yake.

Maman Ilham: Ku bar ni in shiga tsakani. Yaya Direba, kai faɗa ka riƙe, ni kuma abin da ya zauna mini a Sholay ba shi da hayaniya ko kaɗan. Da daddare Radha, bazawarar gidan Thakur, tana bin baranda da fararen kaya tana rage fitilu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma Jai, wato Amita, yana zaune a ƙasa a ƙofar ɗakinsu yana busa ɗan abin busarsa na baki. Ba wanda ya ce uffan. Ya ɗaga ido, ta sunkuyar da kai, ta shige ta rufe ƙofa. Duk macen da ta taɓa zaman takaba, ko ta ga 'yar'uwarta a ciki, ta san abin da ke cikin wannan shirun. Kuma Jaya da ta fito a Radha matarsa ce ta gaske, tun 1973 suka yi aure. Auta, in ka zo Sholay ka lura da ƙwandalar da Jai yake jefawa duk lokacin da za su yanke shawara. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Yaya Direba: Hajiya kin taɓo wurin. Ai ƙwandalar nan ce a ƙarshe da Veeru abokin Jai ya

Maman Ilham: Yaya Direba, don Allah kada ka ƙarasa!

Yaya Direba: Na yi shiru. Afuwan Auta.

Malam na Damagaram: Barkanku da hira. Ni malamin makaranta ne, don haka tsari nake so. In Auta yana son ya fahimci yadda aka yi har mutumin nan ya zama abin da ya zama, sai ya ɗan koma baya. Fim ɗinsa na farko Saat Hindustani ne, 1969. A Anand na 1971 shi ne likitan da ke kula da Rajesh Khanna, wanda a lokacin shi ke jan zaren Indiya. Amita bai cika magana a ciki ba, dogo ne siriri mai ɗaure fuska, amma a nan za ka fara ganin idon nan da ke cin wuta ba tare da an ɗaga murya ba. Bayan haka finafinansa da dama suka faɗi a kasuwa, sai Zanjeer na Prakash Mehra ya zo a 1973, bayan manyan jarumai sun ƙi karɓar aikin. Akwai inda Pran, a matsayin Sher Khan, ya shigo caji ofis zai zauna ba a ba shi izini ba, Amita ya sa ƙafa ya ture kujerar. Daga wannan turin kujerar aka buɗe sabon babi.

Kuma ku tuna halin da Indiya take ciki a shekarun nan: tsadar abinci, rashin aiki, yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na 1974, sannan dokar ta-ɓaci da Indira Gandhi ta kafa a 1975. Talaka ya gaji da jarumi mai rera waƙa a cikin furanni, yana neman wanda zai yi fushi a madadinsa. Ina ganin shi ya sa mu ma ya shige mu. Ɗan dakon Kantin Kwari ko na kasuwar Dole ba ya jin Indiyanci, amma ya san ciwon a jefa maka haƙƙinka a ƙasa.

Kawu na Fagge: Allah ya yi maka albarka Malam, ka tuna mini. A Deewaar, Vijay yana yaro wani mai kuɗi ya jefa masa kuɗin shushaina a ƙasa, ya ƙi ɗauka, ya ce a miƙo masa a hannu. Da ya girma aka sake wurgo masa damin kuɗi a kan tebur, ya tuna wa mutumin cewa har yanzu halinsa bai canza ba. Mun fito daga silima ranar nan, abokina da ke dako a Sabon Gari bai ce da ni komai ba har muka kai gida.

Auta: Na gode ƙwarai. To Malam, in bi tsarinka ko in bi na Kawu? Kuma ina zan same su? Mai turin fim na unguwarmu sababbi kawai yake da su.

Malam na Damagaram: Bi na Kawu, ɗana. Deewaar tukuna, in ya kama ka sai ka dawo Zanjeer da Anand.

Yaya Direba: Ka nemi tsofaffin masu turi na cikin kasuwa, su ke ajiye irin waɗannan. Wasu kuma suna YouTube, sai dai ka duba tsawon fim ɗin kafin ka ƙona data, don akwai waɗanda aka yanke. Shawarata ɗaya: ko ka samu mai fassarar Hausa, ka fara kallon na asali mai rubutu a ƙasa. Ba aibin fassara nake faɗa ba, ni ma ina kallonta a tasha. Amma rabin Amita muryarsa ce, in aka ɗora wata a kai an rage maka kaya.

Anti Nas: Na shigo a makare, yanzu na sauka daga aiki. Duk na karanta, kuma ban yarda a ce tsufansa ragowa ba ne. Lambar gwarzon jarumi ta ƙasar Indiya sau huɗu ya karɓe ta: Agneepath na 1990, Black na 2005, Paa na 2009, da Piku na 2015. Uku daga ciki ya haura sittin ya same su, tun da haihuwar 1942 ne.

Ni Piku nake ba kowa. Tsoho ne mai rigima wanda ba shi da zance sai na cikinsa da ya ƙi saki, 'yarsa Deepika Padukone tana fama da shi ga aikin ofis, suka kama hanyar mota daga Delhi zuwa Kolkata, Irrfan Khan yana tuƙi. Shekara shida na yi ina jinyar mahaifina kafin Allah ya karɓi abinsa. Yadda tsohon nan yake sa a gwada masa jini sau uku don bai yarda da na farko ba, yadda yake zargin mai aiki, yadda yake tsoron kada 'yar ta yi aure ta bar shi amma ba zai faɗa kai tsaye ba, wallahi Baba na gani. Na yi dariya na yi kuka a zama ɗaya. A Black kuma shi ne malamin wata yarinya makauniya kurma, daga baya shi kansa cutar mantuwa ta kama shi. Wannan sai ranar da zuciyarka ke da ƙarfi.

Maman Ilham: Allah ya jiƙan Baba, Anti. Ni kuma in ƙara Baghban na 2003, shi da Hema Malini. 'Ya'ya huɗu suka raba iyayensu bayan uban ya yi ritaya, wannan ya ɗauki uwa, wancan ya ɗauki uba, sai yaron da suka riƙa, Salman Khan, shi ya san darajarsu. Inda gilashin idonsa ya fashe ɗansa ya ce babu kuɗin gyara a wannan watan, surukata tashi ta yi ta bar falon. Auta, wannan tare da Babanka da Mamarka za ka kalla.

Anti Nas: Amin, na gode Hajiya.

Yaya Direba: Kada ku sa yaro ya ɗauka mutumin nan fushi da kuka kawai ya iya. Amar Akbar Anthony, 1977, na Manmohan Desai. An lakaɗa masa duka, ya dawo ɗaki ya tsaya gaban madubi yana yi wa hotonsa faɗa, har ya manna wa madubin filasta a inda ciwon yake. Shi kaɗai ne a wurin, ba kiɗa ba abokin wasa, amma sai ka riƙe ciki.

Kawu na Fagge: To tun da an zo kan Manmohan Desai, dole in yi maganar Coolie. Ranar 26 ga Yuli 1982 suna ɗaukar faɗa a Bangalore shi da Puneet Issar, ya bugu a ciki da gefen tebur, abin ya zama rai kwakwai mutu kwakwai. Aka kai shi asibitin Breach Candy a Bombay, mutane suka yi ta layin ba da jini, masallatai da wuraren bautarsu ana ta addu'a. Mu nan a bakin masu sayar da hotunan 'yan fim a ƙofar silima muke jin labari, yau a ce ya mutu, gobe a ce ya farfaɗo. Har yanzu masoyansa suna ɗaukar 2 ga Agusta kamar ranar haihuwarsa ta biyu.

Da fim ɗin ya fito a 1983, daidai wurin bugun sai hoton ya tsaya cak, aka yi rubutu cewa a nan ne ya ji rauni. Asalin labarin mutuwa zai yi a ƙarshe, mai fim ya canza, don ba zai kashe mutumin da Allah ya tashe shi ba. Iƙbal ne sunansa a ciki, ɗan dakon tashar jirgin ƙasa, Musulmi, da shahonsa, da lamba 786 a damtse. A Deewaar ma wannan lambar ce a jikinsa, wani dattijon Musulmi abokin aikinsa ya ce masa ya riƙe ta da kyau.

Malam na Damagaram: Ƙarin bayani ga Auta: Musulmin Indiya da Pakistan suna ɗaukar 786 a matsayin jimlar haruffan Bismillah a lissafin abjadi. Al'adarsu ce, ka kalle ta a haka. Haka nan za ka ga wuraren bautar Hindu a Deewaar da ziyarar kabari a Coolie, in da ƙannenka a kusa sai ka yi musu bayani.

Auta: Assalamu alaikum, na dawo. Na samu Deewaar a cikin kasuwa kamar yadda Yaya Direba ya ce, jiya da daddare muka kalla. Ban gaya wa Baba ba, kawai na kunna. Yana jin kiɗan farko ya fito daga ɗaki da buta a hannu, ya ajiye ta, ya zauna a hannun kujera har aka gama. Inda Vijay ya saya wa uwarsa benen da ta ɗauki bulonsa, ita kuma ta ƙi zama da shi ta bi ƙanin, na juya na ga Baba yana share ido da bakin hularsa. Kawu, na lura da famfon. Na kuma lura da lambar, da inda ta faɗi.

Kawu na Fagge: Madalla da ɗana. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka tambaye shi a wace silima ya fara ganinsa, wataƙila benci ɗaya muka zauna.

Auta: Ya ce El Dorado, kuma yana amsawa. Ya ce in nemo Sholay kafin Juma'a, zai kira Baffa su kalla tare. Anti, na sa an tura mini Piku ma, Mama ta ce wannan nata ne.