DPC na Windows da softirq na Linux: duk kanwar ja ce?

Mai Situdiyo: Jama'a, ina nan a kan bakana: DPC na Windows da softirq na Linux duk kanwar ja ce. Na'ura ta katse firosesa, kanel (zuciyar tsarin aikin kwamfuta) ya yi na gaggawa, ya jingine saura zuwa anjima; wannan aikin da aka jingine shi ne DPC ko softirq. Makon jiya ina ɗaukar murya sai ƙas-ƙas a lasifika. LatencyMon, manhajar auna jinkiri a Windows, ta nuna direban katin Wi-Fi ne ke riƙe firosesa, ina kashe shi sauti ya dawo tas. Ko a Linux nake, haka zan sha.

Injiniya: Malam, ta wani gefen ka yi gaskiya, duka biyun ba a barci a cikinsu, wato ba sa iya tsayawa su jira wani abu. Amma DPC a matakin DISPATCH_LEVEL yake gudana, sama da kowane zare (wato layin aikin manhaja), mai raba wa zare lokacin firosesa ba ya da ta cewa sai ya gama. Shi ya sa Microsoft ta gargaɗi masu rubuta direba kada DPC ya wuce maikurosakan 100. A Linux kuwa, softirq in ya zagayo sau 10 ko ya cinye milisakan 2, sai a miƙa ragowar ga ksoftirqd, wanda zare ne mai bin layi kamar kowa.

Malamar Kwamfuta: Injiniya, dakata. Wannan iyakar tsakanin zagaye ake duba ta. Softirq guda in ya yi nauyi, ba mai tsayar da shi a tsakiya, muryar Malam za ta karye. Kuma tun Vista Windows na da DPC mai gudana cikin zare.

Injiniya: Haka ne, Malama. To amma a hannun wa zaɓin yake? A Windows marubucin direba ne ke yanke wane irin DPC zai yi, mai kwamfuta sai haƙuri. Linux ta shigo da katsewa cikin zare a 2.6.30, shekarar 2009, sannan PREEMPT_RT, tsarin da ke barin aikin gaggawa ya ture wanda ke gudana, ya shiga babban kanel a 6.12, Nuwamban 2024. A irin wannan kanel, za ka ga zaren katin sautinka da idonka, ka ɗaga darajarsa da umarnin chrt sama da na Wi-Fi, kuma ko softirq yana tsakiyar aiki sai a ture shi.

Ɗan Aji Uku: Yallaɓai, ai FreeBSD, wani tsarin aikin kwamfuta, ta riga su shigo da katsewa cikin zare, tun 5.0 a 2003.

Malamar Kwamfuta: Ta riga su, ɗana, sai dai zare ba kyauta ba ne. Kowace katsewa sai an sauya aiki, sabar da ke haɗiyar fakiti dubbai tana jin wannan a jikinta. Dalilin da ya sa yawancin rabe-raben Linux ba sa zuwa da PREEMPT_RT a kunne ke nan.

Mai Situdiyo: To, a kanel na yau da kullum ban janye ba. Wancan na 6.12 kuwa, Injiniya, zo da shi a filashi ranar Asabar mu gwada, Wi-Fi a kunne, makirufo a buɗe.