Malami mai barkwanci ya isa a ci jarrabawar lasisin likita?

Ummi_Lik: Assalamu alaikum. Ina shirin USMLE Step 1, matakin farko na jarrabawar lasisin likitoci ta Amurka, kuma bidiyon wani malami mai ban dariya nake bi. Yana bayani komai sai ya fito fili, amma da na zauna amsa tambayoyi sai kai ya ɗau zafi. Ina gizo yake saƙar?

Dakta_B: Wa alaikumus salam ƙanwata. Jin daɗin darasi daban, riƙe shi daban. A 1973 an wallafa wani gwaji daga Jami'ar Kudancin Kalifoniya: aka kawo ɗan wasan kwaikwayo da sunan Dakta Fox, ya yi lacca marar kan gado cikin raha, masu sauraro, har da likitocin ƙwaƙwalwa, suka yi ta yabonsa. Ban ce malaminki haka yake ba, sai dai daɗin baki kan sa ɗalibi ya zaci ya iya. Ki riƙa tsayar da bidiyon bayan minti 20, ki rufe littafi, ki rubuta yadda cutar ke faruwa da ka. Inda alƙalami ya cije, nan ne ba ki gane ba. A ranar kuma ki amsa tambayoyi 15 zuwa 20 kan darasin.

Hajiya_Famasi: Ga misali. Malam zai yi ta kwaikwayon tari har ki haddace cewa lisinopril, maganin hawan jini, na kawo busasshen tari. Jarrabawa ba za ta tsaya nan ba. Za a ba ki mai hawan jini da ciwon suga, an sa shi a sabon magani, tari ya hana shi barci, ba a ma faɗi sunan maganin ba. Sai a ce wane sinadari ne ya taru? Amsa bradykinin, domin ACE, sinadarin jiki da maganin ya toshe, shi ne ke rushe bradykinin. Ko a ce me za a sauya masa? Losartan, tunda shi bai taɓa ACE ba. Barkwancin ya kai ki matakin farko kawai, saura biyu naki ne.

Sadauki_Step1: Ni dai ba zan ce ta bar malamin ba, musamman a darasin ƙwayoyin cuta, inda hadda ta yi yawa. Amma ki lura da lokaci: tambayoyi kan kai 280 cikin zaman awa 8, kusan daƙiƙa 90 kowace in an cire lokacin hutu. Tun Janairun 2022 ba a ba da maki, ci ne ko faɗuwa.

Ummi_Lik: To Anki fa, manhajar katunan hadda, Dakta?

Dakta_B: Kati ɗaya, batu ɗaya, kuma ki haɗa su daga tambayoyin da kika faɗi a UWorld, rumbun tambayoyin gwaji. Sababbi 20 zuwa 30 a rana sun isa. In kika zarce, bitar baya za ta taru ta cinye lokacin tambayoyi.